Binciken Ɗan Ba-Ruwanmu, na Haɗin Gwiwa, ko na 'Yantarwa: Wanne Ya Dace da Aikinka?

Babi na uku, wato babin hanyar bincike, shi ne ke hana ɗalibin digiri na biyu barci. Malami ɗaya ya ce masa bincike ba ya amsa sunansa sai mai yinsa ya tsaya gefe, ya ƙirga, ya auna, ya faɗi abin da alƙaluma suka nuna ko da bai yi wa kowa daɗi ba. Wata malamar kuma, ko wata ƙungiya da ta yi alkawarin ɗan tallafi, ta ce zamanin shiga unguwar talakawa a kwashi sirrinsu a tafi a sami ƙarin girma da shi ya wuce, dole bincike ya zama makami a hannun waɗanda ake bincika. Ɗalibi ya rasa na ɗauka. Wannan rubutu dominsa ne, shi da ma'aikacin ƙungiyar da aka ce ya tsara bincike kafin ƙarshen wata.

Zan jingina maganar da binciken rayuwar naƙasassu a Birtaniya, don a can ne aka yi wannan rigima ƙiri-ƙiri, da sunaye da shekaru.

A yankin Hampshire a da akwai wani gidan kula da naƙasassu mai suna Le Court, wanda Leonard Cheshire ya kafa a 1948. A shekarun 1960 mazauna gidan sun yi ta fama da shugabanninsa a kan abubuwa irin su lokacin kwanciya, da 'yancin fita, da samun wakilci a kwamitin gudanarwa. Ganin ba a jin tasu, sai suka nemi masana su zo su duba lamarin, da zaton ilimi zai tsaya musu. Eric Miller da Geraldine Gwynne na cibiyar Tavistock da ke Landan suka yi aikin, littafinsu ya fito a 1972. Sun yarda cewa irin waɗannan gidaje na danne mazaunansu. Amma sai suka ɗauki zaman gidan a matsayin abin da ba makawa, suka ce aikinsa shi ne ya raka mutumin da ya riga ya mutu a idon jama'a har zuwa mutuwarsa ta zahiri. Har sun siffanta mazaunan da kalmar da a Hausa ta fi kusa da kaska. Ɗaya daga cikin mazaunan, Paul Hunt, ya mayar musu da kalmarsu a wani rubutu da aka buga a 1981, bayan rasuwarsa: ya ce masu binciken ne kaskar, tunda su suka ƙoshi da wahalar wasu. Shekara 11 bayan haka, a 1992, Mike Oliver, malamin jami'a da shi kansa yake kan keken guragu, ya kira a rushe dangantakar mai bincike da wanda ake bincika a sake gina ta daga tushe. Abin da ake kira binciken 'yantarwa ke nan.

Ma'aunan da za ka riƙe

Na farko, kuma shi ne uwa uba: akala a hannun wa take? Wa ya zaɓi tambayar, wa ke riƙe da kuɗin, wa zai fassara abin da aka samo, sunan wa zai hau bango? Ɗalibai da yawa suna zaton bambancin na kayan aiki ne, wato takardar tambayoyi ta tsofaffin hannu ce, hira kuma ta 'yan gwagwarmaya. Ba haka ba ne. Miller da Gwynne ba ƙidaya suka yi ba, zama suka yi da mutane suna hira da su suna lura.

Sauran ma'aunan su ne kuɗi da lokaci. Ƙarkon sakamakon, wato ko zai jure suka kuma a ci gaba da amfani da shi bayan shekaru. Sauƙin wucewa gaban mai duba aikinka da mai jarrabawa na waje. Sai haɗari, gare ka da kuma ga mutanen da suka buɗe maka baki.

Hanyar da aka saba: mai bincike ɗan ba-ruwanmu

Wannan ita ce hanyar da akasarin sassan ilimin zamantakewa suka gada tun daga Emile Durkheim, wanda a 1897 ya yi amfani da alƙaluman hukuma ya nuna cewa yawan kashe kai na da alaƙa da yanayin zaman al'umma, da Max Weber, wanda ya nace cewa malami ya raba bayanin abin da yake akwai da hukuncin abin da ya kamata. Kai ke tsara tambaya, kai ke zaɓen samfuri, wato mutanen da za a tambaya, kai ke fassara. Mutanen da ka tambaya ba su da ta cewa bayan sun amsa.

Kuɗinta a bayyane yake tun kafin ka fara, kuma wannan ba ƙaramin alheri ba ne ga mai biyan kuɗin makaranta daga albashi. Idan jama'ar da kake nazari na da yawa, jadawalin Krejcie da Morgan na 1970 zai ba ka mutum 384, lissafin Taro Yamane da ɗalibanmu suka haddace kamar karatun allo zai ba ka kusan 400. Ka lissafa kuɗin buga takardu, da na mota, da ɗan hasafin masu taya ka rabawa. In ka yi amfani da manhaja irin KoboToolbox a waya, kuɗin bugawa ma ya faɗi. Cikin makonni za ka iya gama tattara bayanai.

Wajen ƙarko, nan ne ƙarfinta yake. Binciken lafiya da yawan jama'a da Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta gudanar a Najeriya a 2018 ya shiga gidaje sama da dubu 40, kuma don an yi irinsa a 2008 da 2013 da tsari iri ɗaya, ana iya jera su a ga inda aka ci gaba da inda aka koma baya. Kwamishina zai iya musanta labarin mutum ɗaya, amma da wuya ya musanta irin wannan jadawali.

Rauninta yana ɓoye a cikin tambayar kanta. A shekarun 1980 ofishin ƙidaya na gwamnatin Birtaniya ya yi babban bincike da ya ƙiyasta manya naƙasassu sama da miliyan 6 a ƙasar. Oliver ya ɗauki tambayoyinsu ya juya su ɗaya bayan ɗaya. Inda suka tambayi mutum wace lalura ce ke hana shi riƙe abu ko murɗa shi, shi ya ce a tambaye shi wane kuskure ne a ƙirar kwalabe da gwangwanaye ke ba shi wahalar buɗewa. Inda suka tambaya ko lalurarsa na hana shi fita, shi ya ce a tambaya mene ne a unguwar ke hana shi zirga-zirga. Duka biyun za su ba da alƙaluma masu tsafta. Na farko zai kai gwamnati ga likita, na biyu zai kai ta ga magina da masu motocin haya. Wanda ya rubuta tambayar farko bai san ya ɗauki ɓangare ba, kuma wannan rashin sanin shi ne haɗarin.

Akwai kuma gajiyar mutane. Na taɓa raka wani ɗalibi rumfar wasu guragu masu walda, suna ƙera kekunan hannu. Ya fito da takardunsa daga jaka, sai babbansu, ko ɗaga gilashin walda bai yi ba, ya ce, "Malam, ajiye a can, kan na waɗanda suka zo bara." Muka duba, ga wata takardar tambayoyi an naɗe ta an toshe ƙafar benci da ita. Sun cike masa dai, don kunya, amma duk a layin "na yarda" suka yi ta sa alama. Ya kai wa kwamfuta, ta fitar masa da kaso cikin ɗari har da ɗigo.

Binciken haɗin gwiwa

Wannan tsaka-tsaki ne, kuma shi mafi yawan masu cewa suna binciken 'yantarwa suke yi a zahiri. Jijiyarsa na ƙasashe masu tasowa: Paulo Freire na Barazil da karatun manya, Orlando Fals Borda da manoman Kolombiya a shekarun 1970, Budd Hall da abokansa a Tanzaniya a wancan zamanin. Daga baya Robert Chambers na jami'ar Sussex ya yaɗa dabarun da ma'aikatan raya karkara suka sani, inda mutanen gari ke zana taswirar garinsu a ƙasa, su jera matsalolinsu da tsakuwa ko ƙwayar wake, baƙo kuma ya miƙa musu sandar nuni ya koma gefe ya yi shiru. A nan tambayar farko da kuɗin galibi naka ne, amma mutanen suna da hannu a tattara bayani, wani lokaci har da fassara shi.

Muna da misali a gida. Hannah Hoechner, da ta yi nazarin makarantun allo a Kano, ta yi aiki da wasu almajirai suka shirya fim mai suna *Duniya Juyi Juyi* a 2011, da tallafin cibiyar al'adun Jamus ta Goethe. Su suka tsara labarin, su suka fito a ciki, su suka riƙe kyamara. Abin da ya fito fili shi ne yadda wulaƙancin da ake musu a gidajen da suke aikatau da kan titi yake ci musu rai, abin da takardar tambayoyi mai neman sanin sau nawa suke cin abinci a rana ba za ta taɓa kamo shi ba.

Tsadarta ba a takarda take ba, a zama take. Kowane taro yana son kuɗin mota, da ruwa da abin taɓawa, da diyyar yinin da mai sana'a ya bari ya zo. In da kurame, sai tafintan yaren hannu. In da makafi, sai an karanta musu komai ko an naɗa a murya. Wurin taron kuma dole keke ya iya shiga. Lokacinta ba ya jin umarni: damina ta zo, azumi ya zo, an yi rasuwa a unguwa, duk sai ka jira. Wanda ya shirya wata 3 ya shirya ganin 6.

Sakamakonta yana da zurfi amma ba ya da faɗi. Abin da ka gano a unguwa ɗaya ba za ka ce haka yake a jiha ba. A gaban masu jarrabawa tana wucewa in ka rubuta dalla-dalla wa ya yi me, amma ka shirya wa tambayar nan da ba ta taɓa fashi: "Ina samfurinka, kuma ta yaya za mu san ba ra'ayinka ba ne?"

Haɗarinta shi ne ta zama wasan kwaikwayo. Tun a 2001 Bill Cooke da Uma Kothari suka fitar da littafin da ke tambayar ko wannan "shigar da jama'a" ba wani sabon danniya ba ne. An riga an yanke abin da za a yi a ofis, sai a tara mutane a ƙarƙashin bishiya su tafa, a ɗauki hoto. Ko da niyyarka mai kyau ce, taron jama'a yana da nasa sarakuna. Mai unguwa na zaune, wa zai ce rabon taki bai yi adalci ba? Matan aure da ke cikin gida ba su zo ba sam, amma rahoto zai ce "al'umma ta amince".

Binciken 'yantarwa

A nan akalar gaba ɗaya ta bar hannunka. Ƙungiyar mutanen da abin ya shafa ce ke cewa ga abin da muke son a bincika, ita ke riƙe da kuɗi ko take da iko a kansa, ita za ka kai wa rahoto, kai kuma ka zama kamar lauya ko magini da aka ɗauka aiki: gwanintarka ce, amma gidan nasu ne. Kuma abin da ake bincika ba su ba ne, abin da ke danne su ne. Oliver ya ce masu bincike su daina leƙen naƙasassu, su juya su leƙi al'ummar da ke naƙasa su.

Misalin da aka fi kafa hujja da shi shi ne aikin Colin Barnes. Majalisar ƙungiyoyin naƙasassu ta Birtaniya ce ta sa shi, littafin ya fito a 1991, ya bi ilimi, aikin yi, gidaje, sufuri da sauransu yana nuna wariya a kowanne, a lokacin da gwamnati ke cewa babu wata hujjar wariya. Abin lura, akasarin hujjojinsa alƙaluman gwamnati ne da binciken da aka riga aka yi ta tsohuwar hanya. A 1995 aka yi dokar hana nuna wa naƙasassu wariya, duk da cewa 'yan gwagwarmayar sun ce ta yi rauni. Ba littafin kaɗai ya kawo ta ba, an yi zanga-zanga an tare tituna, amma ya ba masu zanga-zangar abin nunawa.

Kuɗinta ya fi na sauran, don ban da na bincike akwai na horar da mutane da na tarukan kwamitin da ke sa ido a kanka. Lokacinta shekaru ne. Ƙarkonta kashi biyu ne: in ta yi nasara, abin da ta bari ya fi littafi daɗewa, wato mutanen da suka iya tattara hujja da kansu, amma abokin hamayya zai yi saurin cewa ai aikin 'yan ƙungiya ne, don haka hujjarta na buƙatar tsauri fiye da ta kowa.

Suka mafi nauyi ta zo daga Martyn Hammersley, masanin ilimin zamantakewa, wanda ya ce aikin bincike na kai tsaye shi ne samar da ilimi, kuma wanda ya ɗaura wa kansa nasarar wani ɓangare zai sha wahalar faɗin abin da ɓangaren ba ya so. Wannan ba zancen banza ba ne. A ce ƙungiyar da ta ɗauke ka ita ce ka gano shugabanninta na karkatar da kayan tallafi, ko matan cikinta ba a ba su magana. Za ka rubuta? Tom Shakespeare, shi ma naƙasasshe kuma mai goyon bayan gwagwarmayar, ya fito a 1996 ya ce ba zai miƙa wa wata ƙungiya alƙalaminsa ba. A wajenmu tambayar ta ƙara rassa: wa ke wakiltar makafin gari, Sarkin Makafi da fadawansa, ko ƙungiyar 'yan boko mai ofis da hatimi, ko matar da ke bara a bakin asibiti da ba ta cikin ko ɗaya?

Shi kansa Oliver, a 1997, ya amsa cewa in ya waiwayi wani bincikensa na baya, wanda ya fi kowa cin moriyarsa shi ne shi kansa, kuma ba a iya kiran bincike na 'yantarwa sai bayan an ga abin da ya haifar. Wannan ya sa nake jin wani iri in na ga ɗalibi ya rubuta a shafin farko na shawarar bincikensa cewa zai 'yantar da zawarawan ƙaramar hukuma kaza cikin zango biyu. Zawarawan ba su aike shi ba, ba su san da shi ba, kuma digirin sunansa kaɗai zai ɗauka, don dokar jami'a ma ba ta yarda kundi ya zama na taro ba.

| Ma'auni | Ɗan ba-ruwanmu | Haɗin gwiwa | 'Yantarwa |
|---|---|---|---|
| Akala | Mai bincike da mai ba da kuɗi | An raba, amma rinjaye na mai bincike | Ƙungiyar waɗanda abin ya shafa |
| Kuɗi | Ana iya lissafawa tun farko | Matsakaici, yana ƙaruwa da yawan zama | Mai yawa, sai da tallafi |
| Lokaci | Makonni zuwa watanni | Watanni, ba tabbas | Shekaru |
| Ƙarko | Yana jure suka, ana kwatantawa | Zurfi ba faɗi | Yana barin ƙwarewa, amma ana zarginsa da son kai |
| Wucewa a jami'a | Da sauƙi | Sai da bayani | Da wuya ƙwarai |
| Babban haɗari | Tambaya karkatacciya, amsar gajiya | Taron hoto, manya su cinye magana | Rufe laifin gida, alkawarin da ba a cika ba |

Wa ya kamata ya ɗauki wanne

Ɗalibin digiri na farko ko na biyu, mai shekara ɗaya da kuɗin aljihunsa: ɗauki hanyar da aka saba, kada ka ji kunya. Amma kafin ka buga takardar tambayoyinka, kai ta wurin mutum biyar ko shida daga cikin waɗanda za su amsa, ka karanta musu da Hausa, ka tambaye su wace tambaya ce ta ɓata musu rai, wacce ce kuma ka manta. In kana ƙirga naƙasassu, akwai gajerun tambayoyi 6 na rukunin Washington, wato ƙwararrun ƙididdigar naƙasa da ke ƙarƙashin Majalisar Ɗinkin Duniya, a kan gani, ji, tafiya, tunawa, kula da kai da sadarwa, waɗanda ba sa tilasta wa mutum ya kira kansa da sunan da yake ƙi. Ka haɗa su da tambayoyi a kan matakala, mota da halin ma'aikata. In ka gama, koma da shafi biyu na sakamakon cikin harshen da suke ji.

Mai digirin digirgir da ke da shekara 3 ko fiye, da mai duba aiki da ya fahimci abin: haɗin gwiwa zai ba ka abin da ba kowa ke da shi ba. Ka rubuta yarjejeniya tun farko a kan wa ke da hotuna da muryoyin da aka naɗa, ka yi zaman mata daban da na matasa daban, kuma ka kira aikin da sunansa na gaskiya.

Ma'aikacin gwamnati ko na ƙungiyar agaji da ake so ya faɗi mutum nawa, a ina, nawa za a kashe: ƙidaya ce maganinka, sai dai ka sa waɗanda abin ya shafa a kwamitin tsara tambayoyi, da ikon cewa a cire wannan.

Ƙungiyar naƙasassu, ko ta manoma, ko ta 'yan kasuwa, mai rajista da shugabancin da mambobi suka zaɓa, wadda ke da buƙata takamaimai: ku ne kaɗai za ku iya fara binciken 'yantarwa. Dokar hana wariya ga naƙasassu da aka sa wa hannu a Najeriya a Janairun 2019 ta ba gine-ginen jama'a shekara 5 su gyara yadda kowa zai iya shiga, kuma wa'adin ya wuce. Ku ɗauki malamin jami'a aiki, ku ba mambobinku awo da waya, su bi asibitoci, kotuna da bankunan garinku ɗaya bayan ɗaya suna rubuta inda keke ke shiga da inda ba ya shiga. Ku sa a yarjejeniyar cewa malamin na da damar rubuta abin da ya gani ko da a cikin gidanku ne, shi kuma ya sa hannu cewa ba zai kai rahoton wani taro ba sai kun fara karantawa.